Tafinta a Bakin Ƙofa

Shekarata goma sha ɗaya a Guangzhou, kuma sana'ata gano aibu. 'Yan kasuwar Kwari ta Kano su turo oda, ni kuma in shiga kasuwar Shisanhang ko ta Baima in zazzage kwali, in ɗaga riga in duba ɗinki, in ja maɓalli, in shinshina rini. Akwai mai shagon da in ya hango ni daga bakin layi sai ya fara cewa "meyo, meyo", wato babu, tun ban tambaye shi komai ba. A bakin irin waɗannan mutane na koyi Sinanci, shi ya sa nawa ya fi kauri wajen faɗa. Amma yana kai ni asibiti da ofishin biza ya dawo da ni lafiya. A gidanmu ni ce tafinta, kuma ban taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba, ko da yake ba na barin sarari.

Gidan namu ba wani yawa gare shi ba. Ni ce, sai ƙanena Hadi, da matarsa Radiyya, da 'yarsu Saffana mai shekara bakwai. Gini ɗaya muke a unguwar Liwan, ni a hawa na tara, su a na shida. Hadi rabin shekararsa a hanya take ƙarewa, yana bin kwantena tsakanin Legas da Kano, saboda haka duk wata takarda da ta shigo gidan hannuna take faɗowa.

Saffana ba ta kallon mutum a ido, kuma maganarta ba ta da yawa. In ka ba ta gwangwanin maɓallai za ta jera su launi-launi daga ƙofar falo har kicin, kuma duk wanda ya taka ɗaya ya ga ta kansa. Likita ya faɗi sunan abin tun tana shekara huɗu. A rediyonmu galahanga suke cewa, kalmar da ban taɓa so ba. Makarantar kuɗin da take zuwa ta ba ta malama ta musamman, Malama Chen, wata siririya mai tabarau wadda aikinta ke nan ta zauna a gefenta cikin aji. A hannun Malama Chen ta koyi rubuta sunanta, ta koyi zama har a gama darasi, ta koyi ɗaga kati in tana son banɗaki. Akwai lokacin da Malama Chen ta yi zazzaɓin kwana biyu, kuma kwana biyun nan a ƙarƙashin tebur Saffana ta yi su.

A ƙarshen zangon nan makaranta ta kira mu zaman duba bukatunta. Wata Malama Liang ce ke da ofishin, mace mai fara'a da fayil mai kauri. Ta ba mu ruwan zafi a kofin takarda, ta ce yau daga bakin uwa take son ji. Na zauna tsakaninsu, na gyara gyale.

"Radiyya, tana tambaya yaya take a gida."

"Lafiya lau, Yaya. Alhamdu lillahi."

Na fassara.

"Wai barci fa, da cin abinci?"

"Tana yi."

"Akwai abin da yake ba ki wahala game da ita?"

Radiyya ta dubi kofinta. "Babu komai. Yarinta ce."

Na fassara wannan ma, har da ɗan ƙarin gishiri, domin a gaskiya daɗi nake ji. Saffana 'yar fari ce, kuma Radiyya 'yar gidan mutunci ce. Ba ta kama sunanta a gabanmu, ba ta yabonta, ba ta kai ƙararta. In dole ta taso sai ta ce "yarinyar". Ina zaune ina cewa a raina, ku dai Sinawa ku ga tarbiyya. Malama Liang ta yi tambaya ashirin da wani abu, ta samu "lafiya lau" ashirin da wani abu, ta rubuta su duka da kyakkyawan rubutu, ta raka mu har bakin lif.

Bayan sati guda takarda ta zo. Na karanta wa Radiyya tana tsintar shinkafa. Makaranta ta yi murna da ci gaban Saffana. Tunda iyali sun tabbatar babu wata matsala a gida, an mayar da ita sahun masu ƙaramar bukata, kuma daga zango mai zuwa za a ba Malama Chen wani yaro. Idan Saffana ta kasa zama a aji ita kaɗai cikin wata ɗaya, za a shawarci iyaye su nema mata wurin da ya fi dacewa da ita. Wata ɗaya! Yarinyar da kwana biyu suka kai ta ƙarƙashin tebur.

Na kira Hadi, na sa wayar a fili don matarsa ta ji. Yana cikin hayaniyar tashar jirgin ruwa. Ya ce in dai makaranta ta ƙi ta, babu amfanin a kulle ta a hawa na shida, gara a kai ta wajen Hajiya a Kano, can akwai tsakar gida da mutane. Hajiya mahaifiyarmu ce, shekararta saba'in da huɗu, kuma har yau tana ganin rubutun sha ne bai isa ba. Radiyya ta ce, "To." Ta ci gaba da tsintar shinkafar da ta riga ta tsince.

A ƙasan takardar, da ƙananan baƙaƙe, aka ce iyaye suna da damar ɗaukaka ƙara cikin kwana goma na aiki. Kwamitin mutum uku zai zauna, a sake sauraron uwa. Ni da na saba karanta ƙananan baƙaƙe a jikin kwali, nan idona ya fara sauka. Washegari na kai takardar ɗaukaka ƙara da hannuna, na kuma tsaya sai da aka buga mata hatimi a gabana.

Sai na zaunar da Radiyya mu yi shiri. Na ɗauko biro da littafi.

"Yanzu ki faɗa mini komai. Duk abin da take yi, mai daɗi da mara daɗi. Mara daɗin ma suka fi so."

"Ba wani abu, Yaya."

"Radiyya, za a raba ki da 'yarki fa."

"Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri."

"Amin. To me take yi?"

"Irin na yara dai."

Kwana uku muna haka. Na lallaba, na yi faɗa, na yi fushi na hau sama, na sauko na sake lallabawa. Abin da na samu a littafina layi biyu ne, tana son shinkafa, ba ta son ƙarar injin markaɗe. Raina ya ɓaci sosai, har na fara zargin ko so take a ɗauke mata nauyin. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka ni mutuniyar kirki ce a labarin nan.

A rana ta shida na kai kwalaye shagon Fuseina. Fuseina 'yar zangon Kumasi ce, tana da shagon tura kaya, ta yi jami'a a nan, kuma Sinancinta irin na masu karanta labarai ne, abin da ban taɓa yafe mata ba. Hausarta kuwa ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a wajenta. Tana ɗora kwali a sikeli ina zuba mata labarin makaranta, da na uwar da ta ƙi buɗe baki.

Ta ce, "Amma kun gaya musu zancen titi?"

"Wane titi?"

"Ranan da Saffana ya fita shi ɗaya. Mai saida lemu ne ya kama shi kusa da tashan jirgi."

Na ajiye jakata. "Yaushe?"

"Na farko ko na biyu?"

Ta dube ni ta saman sikelin, ta ce, "Hajiya Rekiya, bai gaya maka ba? Radiyya in ya zo nan, awa ɗaya yana magana. Saffana kaza, Saffana kaza. Har kuka."

"Da sunanta take faɗa?"

"To da sunan wa?"

Na ce ai ni ce gwaggon yarinyar, ni na yi mata wankan farko, ni nake kai su asibiti, in akwai wanda ya kamata a gaya wa ni ce. Fuseina ta manna wa kwalin lamba, ta buga shi da tafin hannu.

"Shi ke nan matsalan. Kai ne yayan mijinshi. Ni ba kowan kowa ba ne. Kun tafi makaranta, kun sa surukin mutum a tsakiya, kun ce ya yi magana. Ko ni ba zan yi ba."

Na dawo gida a jirgin ƙasa ina ta shirya amsar da ya kamata in ba ta, amma har na sauka ban samu ba. Al'adar nan ba baƙuwa ba ce a wajena. Ɗana na fari, Alhasan, yana da shekara ashirin da shida da gemu, kuma har uwar mijina ta rasu ban taɓa kama sunansa a gabanta ba. Ni na yaba wa Radiyya wannan kunyar, a gabanta da bayan idonta. Sannan akwai wani abin da na so in manta. Ranar da muka fito daga wajen likita, shekara uku baya, muna cikin tasi, na ce, "Mu dai babu irin wannan a danginmu." Ban faɗa da mugunta ba, na faɗa ne kamar yadda nake faɗa wa mai shago cewa zip ɗinsa ba ya ja. Radiyya tana rungume da yarinyar ta ce, "Haka ne, Yaya." Ga kuma wayar da nake yi da Hajiya kowace Juma'a, wadda ba na rage mata komai a ciki.

Sauran kwanakin na yi su ina neman hanyar da za a yi ba tare da Fuseina ba. Na yi tunanin in juya kujerata in fuskanci bango. Na yi tunanin in fassara ta waya daga wani ɗaki. Duk dai kunnena ne, kuma kunnen ne matsalar. A ƙarshe na koma shagon, na tsaya a kan sikelinta don babu wurin tsayawa, na ce ina neman alfarma. Ta bar ni na faɗi kalmar sau biyu, wai injin naɗe kaya ya hana ta ji.

Ranar zaman kwamiti muka tafi mu huɗu. A bakin ɗakin taron Malama Liang ta ga sabuwar fuska, ta tambaya ko ba ni da lafiya ne. Na ce mata da Sinancina na kasuwa lafiyata ƙalau, kawai yau ba ni ce ba. Radiyya ta dube ni, ta dubi Fuseina, ta fahimta. Sai ta miƙo mini jakar Saffana da hannu biyu, suka shiga, aka rufe ƙofa.

Aka bar ni a baranda da Saffana, kan benci mai launin kore. Na duba agogo. Sai a lokacin na lura ban taɓa zama da ita mu biyu na fiye da minti goma ba. Kullum uwar tana kusa, tana kawar da wani abu, tana miƙo wani abu, ni kuma ina ɗauka zaman lafiyar daga Allah ne kawai. Minti ashirin na farko ta yi su tana jera murafen biro a gefen benci. Har na fara jin kaina, na ce ashe ma abin ba wuya.

Sai aka buga ƙararrawar tashi.

Ban san jikin yaro yana iya fitar da irin wannan sautin ba. Ta toshe kunnuwa, ta zube ƙasa, ta fara buga goshi a tayil. Na kama ta, ta ƙara. Na yi mata faɗa da Hausa, na yi da Sinanci, na karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Yara suka fito daga azuzuwa suka kewaye mu, ni ga gyale ya zame, ga takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Na ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba tun ranar da na fara sauka a ƙasar nan ban san kowa ba. Na kalli ƙofar ɗakin taron. Na san in na buga Radiyya za ta fito, kuma in ta fito ta gan ni maganarta ta ƙare.

Ban buga ba. Malama Chen ce ta ɓullo daga wani aji. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta zuge ƙaramin aljihun jakar da ke kafaɗata, ta ciro abin toshe kunne, ta sa wa yarinyar, ta shimfiɗa tafin hannunta tsakanin goshin da tayil, ta zauna a ƙasa ta yi shiru. Cikin minti uku Saffana ta tashi ta koma kan murafenta. Malama Chen ta miƙo mini takalmina, ta ce aljihun gaba, kullum aljihun gaba. Na ce "shiye-shiye", na gode, kamar baƙuwar da ta zo jiya.

Awa ɗaya da minti arba'in suka yi a ciki. Da ƙofa ta buɗe, wani dattijo daga cikin 'yan kwamitin ya fito yana goge tabarau. Fuseina ta wuce ni ba ta yi tsokana ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Radiyya ta fito idanunta sun kumbura sun yi ja.

"Yaya aka yi?"

"Lafiya lau, Yaya."

Na karɓi wannan, domin shi na cancanta.

Bayan kwana takwas, da hantsi, ina shirin fita Baima, aka ƙwanƙwasa. Radiyya ce da ambulan. Ta gaishe ni a tsugune kamar kullum, ta miƙo. Shafi huɗu ne. Na tsaya a bakin taga na fara karantawa a zuci, don in san ta inda zan fara fassarawa.

Shafin farko gaisuwa ce da sunayen 'yan kwamiti. Na biyu da na uku bayanin uwa ne, kamar yadda ta faɗa. Yarinyar ta fita titi sau biyu, shi ya sa uwar take ɗaure mukullin gida a wuyanta ko wanka za ta shiga. In abin ya motsa tana cizo, kuma uwar tana ba ta nata hannun don kada ta ciji kanta. Kwamiti ya ga tabban. Uwar ba ta je taron suna ko biki ba shekara uku. Wannan na sani, domin ni ce na riƙa ba mutane haƙuri ina cewa matar ƙanena tana da ɗan girman kai. Yarinyar ta fara cewa "Umma" tana shekara biyar da rabi, ranar wata Talata, bayan Malama Chen ta yi wata huɗu tana koya mata da hoto. An tambayi uwar me zai faru in an kai yarinyar Najeriya, ta ce za a so ta, za a ciyar da ita, kuma za a rufe ƙofa in baƙi sun zo. An tambaye ta wa yake taimaka mata a gida. Ta ce yayar mijinta mutuniyar kirki ce, ita take yi musu komai, amma ba ta sani ba.

Na daɗe a kan wannan layin. Sinancin ba mai wuya ba ne.

Shafi na huɗu hukunci ne. Na juyo, na gyara murya, na yi abin da nake ganin shi ne kara. Na tsallake biyu da uku.

"Sun janye maganarsu. An mayar mata da Malama Chen kwana huɗu a sati, Litinin zuwa Alhamis, har shekara guda, sannan a sake zama. Juma'a za su gwada ta da malamar aji, amma an yarda wani daga gida ya zauna da ita. Ba inda za a kai ta, Radiyya."

"Na sani, Yaya. Fuseina ta karanta mini tun jiya."

Na dube ta. Tana kallon ƙafafunta.

"Duka?"

"Duka."

"To me ya sa kika..."

Ban ƙarasa ba. Ta miƙe, ta gyara hannun rigarta har wuyan hannu, ta ce a bar takardar a wajena, ba sauri. Na ji saukarta a matakala, ba ta jira lif ba.

Ranar ban je Baima ba. Na zauna na sake karanta shafi na biyu da na uku, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina, na wanke fuska, na sa kwalli don kada a gane. Wajen azahar na sauka hawa na shida. Na tarar da ita tana yanka albasa, Saffana tana makaranta, layin maɓallai yana nan daga ƙofa zuwa kicin. Na tsallake shi a hankali.

Na ce, "Juma'ar nan da babu Malama Chen, ni ba ni da aiki ranar Juma'a."

Mu biyun mun san ranar Juma'a ake rufe kwantena, ranar da aiki ya fi mini yawa.

"Sai dai ki koya mini. Ban san komai ba, Radiyya. Ki fara daga farko, kamar da Fuseina kike magana."

Ta ci gaba da yankan har albasar ta ƙare. Ta ɗauko wata ta riƙe, ba ta yanka ba. Muryarta ƙasa-ƙasa, tana fuskantar bango, ta ce, "In kin shigo, Yaya, kada ki dafa mata kai. Zafi take ji. Sai kin tafi take kukan."

Shekara bakwai, kullum na shigo gidan nan da kanta nake fara gaisuwa.

Na jawo kujera na zauna. Na ce, "Sai me kuma?"